Injin da ke tsaye a kan DNA yana jiran a sake shi

A sakandare an koya mana cewa ƙwayar gado, wato guntun DNA mai ɗauke da saƙon wata siffa ta jiki, ko dai tana aiki ko ba ta yi, in tana yi wani furotin mai suna RNA folimires II ne ke hawa kan DNA ya kwafi saƙon, in ba ta yi kuma babu kowa a wurin. To gaskiya abun ya wuce nan, kuma ƙwayoyin halitta na tushe ne suka nuna haka, wato waɗanda ake samu a farkon halittar ɗan tayi, da za su iya zama jini ko fata ko jijiya.

A 2007 ɗakin binciken Richard Young a cibiyar Whitehead ta Amurka suka bi DNA ɗin irin waɗannan ƙwayoyi na ɗan Adam, sai suka tarar folimires ɗin ya riga ya hau kan yawancin ƙwayoyin gado, har da waɗanda ba sa fitar da komai. Yakan fara kwafi, ya yi haruffan saƙon kamar 20 zuwa 60, sai ya ja birki. Kamar motar haya ce a tasha, inji na kunne, direba na zaune, ɗan kamasho kawai ake jira ya ce a tafi. John Lis na jami'ar Cornell ya ga haka tun shekarun 1980 a jikin ƙuda, amma a lokacin ba a ɗauka abun ya yaɗu haka ba.

Furotin biyu ne ke riƙe folimires ɗin, NELF da DSIF, sai wani furotin mai suna P-TEFb ya zo ya liƙa wani sinadari, fosfet, sannan folimires ɗin ya wuce. Ni wallahi nan ne abun ya kama ni, don a 2010 su Young suka nuna a ƙwayoyin tushe na ɓera cewa wani furotin mai suna c-Myc na taimakawa wajen kawo P-TEFb ɗin nan, kuma c-Myc ɗin yana cikin furotin 4 da Shinya Yamanaka ya yi amfani da su a 2006 ya mayar da ƙwayar ɓera da ta riga ta girma ta koma ta tushe.

c-Myc ɗin ne kuma dai yake fin ƙarfin jiki a sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunanmu masu zazzaɓin cizon sauro, inda guntun kuromosom (ƙunshin DNA) na 8 ke karyewa ya je ya manne, galibi a na 14, sai c-Myc ya yi ta aiki babu mai tsayar da shi. Shi ya sa nake jin haushi in an ce binciken ɓera ba ruwanmu da shi.