GIMP 3.0 ya ginu a kan Debian 12 bayan kwana uku

Daren jiya da misalin ƙarfe ɗaya tagar GIMP 3.0, manhajar gyaran hoto, ta buɗe a kwamfutata, kuma da hannuna na harhaɗa shi daga tushe, abin da ya sa har yanzu bakina bai rufu ba. Waɗanda muke kan tsarin Linux na Debian 12 tare sun san cewa GIMP 2.10.34 ne a rumbun manhajojinta, alhali sabon ya fito tun watan Maris na 2025, ni kuwa na ƙi bin hanyar Flatpak, wadda ke kawo manhaja a shirye, domin koyo nake so in yi.

Kafin GIMP sai an gina babl da GEGL, ɗakunan karatu (libraries) biyu da ya dogara da su. Gina babl bai ɗauke ni minti goma ba, na girke shi a wata jaka ta daban a cikin jakata ta home domin kada ya taɓa na tsarin. A wajen GEGL ne na maƙale. Duk lokacin da na kira meson, manhajar da ke shirya ginin, sai ya ce babl ɗin da ya gani 0.1.98 ne, ya tsufa, alhali ga sabo nan da na gama girkewa. Na duba PKG_CONFIG_PATH, saitin da ke nuna inda za a nemi fayilolin .pc masu bayanin ɗakunan karatu, ya fi sau goma, harafi bayan harafi, yana nuni zuwa lib/pkgconfig kamar yadda na saba tun zamanin configure da make. Na zargi babl na sake gina shi, na zargi intanet na sake sauko da tushen baki ɗaya, wanda shi ne ya cinye mini ragowar datar wata, kuma wannan asarar ta fi komai yi mini ciwo tunda fayilolin farko lafiyarsu ƙalau.

Sai a rana ta uku na daina zato, na sa find ya nemo mini duk fayil mai ƙarewa da .pc a cikin jakar. Ashe ba ya inda nake nunawa sam. A kan Debian, meson yana zuba ɗakunan karatu ne a lib/x86_64-linux-gnu, don haka pkg-config, mai nemo wa meson su, yana leƙa jakar da babu komai, ya wuce ya ɗauko tsohon da apt build-dep ya shigo mini da shi tun ranar farko. Har sunan fayil ɗin ma ya bambanta, domin na tsarin babl.pc ne, sabon kuwa babl-0.1.pc. Da na gyara hanyar, na goge jakar ginin gaba ɗaya saboda meson yana riƙe abin da ya taɓa samu, GEGL ya wuce ba gardama. A ganina da tun farko na ba meson --libdir=lib, da ban sha wannan wahala ba.

GIMP kansa ya so ya kashe injin, domin ninja, mai gudanar da ginin, yana kunna ayyuka da yawa a lokaci guda, ni kuma gigabait 4 ne ƙwaƙwalwar tawa. Na mayar da shi -j2, wato ayyuka biyu kawai a lokaci guda, aka ɗauke wuta a tsakiya, amma da ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan tarko na x86_64-linux-gnu ya sake kama ni a LD_LIBRARY_PATH, saitin da ke nuna inda ɗakunan karatu suke lokacin kunna manhaja, sai dai a karo na biyu minti biyu ya ishe ni.

Abin da ya rage shi ne matatun Python, waɗanda ba su bayyana a menu ba. Ina kyautata zaton matsalar daga saitin GI_TYPELIB_PATH take, kuma shi zan taɓa da yamma idan wuta ta zauna.