Ƙofar da Na Daɗe Ina Bugawa Ba Ita Ba Ce

Sai da na shafe watanni ina aika wa manyan kamfanonin ƙasashen waje takardar neman aiki kafin na gane cewa mafi yawansu ba sa ɗaukar malamin Turanci kai tsaye. Kwangila suke ba wata makarantar koyar da harsuna, ita kuma ta riƙa tura malamanta ofisoshinsu, saboda haka ga makarantar ya kamata mutum ya kai kokensa tun farko.

Shaidar da aka fi tambayata ita ce CELTA ta Jami'ar Cambridge, wato takardar shaidar koyar da Turanci da ake samu bayan kwas na kimanin awa 120 wanda a cikinsa ake koyarwa awa 6 a gaban mai dubawa. Sai dai ba ko'ina take buɗe hanya ba, domin a Koriya ta Kudu, alal misali, bizar E-2 ta malaman Turanci galibi ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostiraliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Fasfona ba ya cikinsu, kuma a ganina wannan ƙa'ida asalin mutum take aunawa, ba iyawarsa ba. Na juya akalata zuwa Japan, inda tun a 2010 kamfanin Rakuten ya sanar da mayar da Turanci harshen aikinsa, kuma ma'aikata da dama ke fafutukar ɗaga makinsu na TOEIC, wato jarrabawar auna iya Turanci na wurin aiki.

Ɗalibina na farko injiniya ne da ya haura maki 800 cikin 990, amma da zarar an shiga taro ta waya sai bakinsa ya mutu. Ya nuna mini takarda cike da jimlolin da ya tanada bai samu damar faɗar ko ɗaya ba, domin bai san yadda zai katse mai magana ba tare da ya zama rashin ladabi ba. Na ajiye littafin nahawu, muka yi mako uku ina zuba surutu da gangan, shi kuma yana neman kafar shiga.

Abin da ban duba ba a kwangilata shi ne batun soke darasi. Na sha yin sammako in isa ofis da ƙarfe bakwai, a ce mini taron gaggawa ya taso, in koma ba a biya ni awar ba. A kwangila ta biyu sai da aka rubuta cewa darasin da aka soke ba tare da sanarwar awa 24 ba za a biya shi cif, sannan na sa hannu.