Wai ƙarar jirgin ƙasa ma kiɗa ce?

Akwai wani kiɗa da babu ganga babu kalangu, mutum zai ɗau na'ura ne kawai ya naɗo sauti, ƙarar ƙofa ko ruwa ko hayaniyar kasuwa, ya koma situdiyo ya yayyanka ya jujjuya ya haɗa. To babbar muhawarar masu wannan harka ita ce daga ina sautin ya fito, kuma dole ne mai sauraro ya gane?

A 1948 Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya naɗo ƙarar jiragen ƙasa a Paris, ya yi ta maimaita guntayen a faifai har abin ya zama kiɗa. Shi daga baya burinsa ka manta da tushen kwata-kwata, ka saurari sautin zalla. Ni dai ban yarda ba gaskiya, kunne ba ya mantuwa haka, da ka ji wannan huci da ƙarar ƙarfe jirgi ne zai faɗo maka a rai ko kana so ko ba ka so.

Su kuwa masu haɗa kiɗa na birnin Kolon a Jamus suka ce a bar naɗe-naɗen nan, na'ura ta haifi nata sautin. Duk da haka a 1956 Stockhausen, ɗaya daga cikinsu, ya haɗa muryar wani yaro da sautin na'urar.

Amma wanda ya fi burge ni Halim El-Dabh ne, ɗan Masar, tun 1944 fa ya naɗi muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda ya yi kama da bori, ya kai situdiyo a Alƙahira ya ƙara musu amsa-kuwwa ya sarrafa su har ba ka iya tsintar kalma ko ɗaya, amma dai ka san mutane ne ke waƙa.