Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cinikin Ƙaramar Tarakta

A makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin albashi na rungumi gona, da yadda jiran taraktar haya ya riƙa cinye mini farkon damina. Mai taraktar ba mugun mutum ba ne. Jama'a ce ta yi masa yawa, kuma dole ya fara da masu manyan gonaki. Kafin layi ya zo kaina ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, ciyawa ta miƙe, irin da ya kamata a ce ya tsiro yana nan ɗaure a buhu. Wannan ne ya sa na ƙudura a raina sai na mallaki tawa, ko da ƙarama ce.

Wanda na fara tunkara da maganar shi ne Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar tarakta. Na je masa da hotuna cike da waya, ina lissafa masa sunayen kamfanoni. Ko kallon wayar bai yi ba.

"Ɗana, ajiye wannan," in ji shi. "Tarakta ba ta noma. Abu uku ta iya: ta ja, ta ɗaga, ta juya. Abin da ka ɗaura mata shi ke yin aikin. Je ka rubuto mini duk aikin da gonarka ke nema daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, sannan mu yi maganar inji."

Na zauna na rubuta. Kaftu, farfasa ƙasa, yankan ciyawa, kwasar taki, kai amfani rumbu, gyaran hanyar shiga gona bayan ruwa ya zaizaye ta, haƙa ramukan shinge, jan tankin ruwa. Da na dubi takardar sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Kaftun da ya hana ni barci 'yan kwanaki ne kawai a shekara. Ɗauka da kwasa da jigila kuwa ba su da rani ba su da damina. Ashe bokitin gaba, wato babban cokalin ƙarfen kwasar kaya da ake ɗaura wa tarakta a gaba, wanda na ɗauka ado ne, shi zai fi kowane ƙarfe shan aiki. Daga wannan takarda cinikin ya tashi, kuma duk lokacin da dillali ya so ya karkatar da ni ita nake zarowa daga aljihu.

Ranar da muka je wurin dillalin, ni na nufi gaban taraktar ina duba fenti da fitilu, Baffa kuwa ya zagaya baya ya tsuguna. Ya kira ni ya nuna mini hannuwa uku na ƙarfe, biyu a ƙasa masu ɗagawa, ɗaya a sama mai daidaita kwanciyar abin da aka ɗaura. Wannan tsari na maɗauri uku aikin wani ɗan Ailan ne mai suna Harry Ferguson, wanda ya yi masa rajista a 1926, kuma ya bazu bayan shi da Henry Ford sun fito da tarakta samfurin 9N a 1939. Kafin nan garma janta kawai ake yi a baya, idan ta karo da dutse ko saiwa tarakta na iya miƙewa ta kife da direba. Dabarar Ferguson ta sa nauyin garma da turjiyar ƙasa su koma su danne tayoyin baya, shi ya sa ƙaramin inji ke iya aikin da a da sai babba. Maɗauran nan aji-aji ne. Yawancin ƙananan taraktoci masu ƙarfin doki 20 zuwa 45 suna aji na 1, kaurin fil ɗin hannuwan ƙasa, wato ƙarfen da ake sokawa ya riƙe kayan aiki, milimita 22, na sama 19. Amfanin sanin haka shi ne garmar kowane kamfani, muddin ajinsu ɗaya, za ta hau taraktarka. Ba dole ba ne ka sayi komai a hannun mutum ɗaya.

Tsakanin hannuwan akwai wani gajeren sanda mai tsaga shida, wanda makanikai ke kira PTO. Shi ke juya injin farfasa ƙasa da injin yankan ciyawa da na haƙa rami, sau 540 a minti ɗaya, wato sau tara a sakan ɗaya. A nan Baffa ya yi wa dillalin tambayar da ta sa ya gyara tsayuwa.

"Malam, lambar da aka rubuta a jikinta ta inji ce. Nawa ke isowa nan baya?"

Dillalin ya buɗe littafi ya karanta, sai ga shi lambar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Haka abin yake a kowace tarakta, domin giya da famfon haidurolik suna cin rabonsu kafin ƙarfi ya iso baya. Kuma da wannan ƙaramar lambar ake auna kayan aiki. Masu sana'ar suna ƙiyasta wa injin yankan ciyawa doki biyar a kowace ƙafa ɗaya ta faɗinsa. Injin farfasa ƙasa kuma ana so faɗinsa ya rufe sawun tayoyi, in ba haka ba kana gyara ƙasa kana barin inda ka take. Da muka yi wannan lissafi muka ga mai ƙarfin doki talatin da 'yan kai ita ce daidai da ni. Wadda ta fi ta ƙanƙanta za ta yi nishi, wadda ta fi ta girma kuma kowane ƙarfe da zan saya mata sai ya fi tsada, ga shan dizal.

Bokitin ma akwai wayo a lambarsa. Wasu kamfanoni suna auna nauyin da yake ɗagawa a daidai fil ɗin da ya riƙe shi, wasu kuma a milimita 500 gaba da fil, inda kaya ke zama da gaske. Lambar farko ta fi girma a takarda, ta biyun ita ce za ka gani a gona. Sannan cikakken bokiti yana sauke nauyi a kan tayoyin gaba ya bar na baya sakayau, don haka sai an rataya wani nauyi a baya ko an zuba ruwa a tayoyin. Saboda bokitin na zaɓi mai ja da tayoyi huɗu. Na kuma zaɓi mai tafiya da feda, gaba da baya ba tare da taka kuloci ba, duk da Baffa ya fi son mai giya don ta fi sauƙin gyara kuma ba ta zubar da ƙarfi sosai. Yana da gaskiya idan kaftu ne aikin yini. Ni kuwa takardata ta ce gaba da baya zan yi ta yi tsakanin tarin taki da tirela, kuma ina so uwargida ta iya hawa.

Batun sunan kamfani ban daɗe a kansa ba. Kubota ta Japan, John Deere ta Amurka, Mahindra ta Indiya, Massey Ferguson da ta gaji sunan mutumin da na ambata, duk suna ƙera ƙanana masu aiki. Abin da na bincika shi ne wa ke da matatar mai da bel da fil a kan kanta yau, wa ke da bakaniken da zai zo gona idan ta tsaya a tsakiyar aiki. Na duba na hannu ma, na ga masu kyau, amma waɗanda agogon awanninsu ya yi ƙasa kuɗinsu ya kusa na sabuwa, ga babu garanti, ga masu ba da rance ba sa sakin jiki da su.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi komai ɗaukar mana lokaci. Abin da na tara daga sallamar aiki zai iya biyan kafin alƙalami da wasu kayan, bai kai ya sayi tarakta ba. A nan uwargida ta karɓi ragama, domin ta fi ni haƙuri da lissafi. Ta shimfiɗa takardun da na karɓo a kan tabarma ta bi su layi-layi.

Takarda ta farko ta ce kuɗin ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara, tsawon shekara huɗu. Ta ce, "Abban yara, tambaye su a kan me ake lissafa goman nan. A kan abin da ka ranta tun farko, ko a kan abin da ya rage?" Na tambaya, aka ce a kan na farko. Ma'ana ko ka biya rabin bashin, ruwan cikakken bashi ake ci gaba da caje ka. Idan aka mayar da shi lissafin abin da ya rage, goman nan ta kusa 18. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba za su faɗa maka ba sai ka tambaya.

Takarda ta biyu ta ce babu ruwa ko kaɗan, kamfanin da ya ƙera ne ke ba da lamuni. Na yi murna, sai ta sa na koma na tambayi farashin wanda zai biya lakadan. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Bambancin nan shi ne ladan jiran da aka cusa a cikin farashi. Ban ga laifinsu ba, kasuwa ce, sai dai mutum ya san abin da yake biya.

Mu dai zuciyarmu ba ta kwanta da bashi mai ruwa ba tun asali, don haka muka bi hanya ta uku, murabaha. Cibiyar kuɗi ta sayi taraktar ta zama mallakinta, sannan ta sayar mini da ribar da muka sani tun ranar farko, in biya kashi-kashi. Jimillar ba ta motsi. Kada wani ya ɗauka hakan na nufin araha, domin ribar tana nan kuma mun auna ta da sauran takardun kafin mu yarda. Abin da na tsaya a kansa da ƙarfi shi ne lokacin biya. Manomi ba ma'aikaci ba ne da kuɗi ke shigo masa kowane ƙarshen wata. Na roƙi a sassauta watannin shuka, lokacin da taki da iri ke cinye aljihu, a nauyaya bayan girbi. Jami'in ya ce ba haka suka saba ba. Na ce, "Yallaɓai, in kun ɗora mini biyan da bai bi kakar gona ba, ku da kanku kuka shirya mini saɓa alkawari." Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da sabon jadawali.

Dillalin ya so ya haɗa mini komai a dunƙule ɗaya: bokiti, garma, injin farfasa ƙasa, injin yankan ciyawa, na haƙa rami, tirela, har da hannun haƙa na baya. Wannan hannun ya shiga raina ƙwarai. Na hau na gwada shi, na ga yadda yake yanka ƙasa kamar wuƙa a kabewa. Uwargida ta tambaye ni sau nawa zan haƙa magudana a shekara. Na duba takardata, sau ɗaya ne, wata shekarar ma babu. Kuɗinsa kuwa ya kai wani babban yanki na kuɗin taraktar kanta. Muka cire shi, ranar da buƙata ta taso a yi haya.

Ƙa'idar da muka bi ita ce abin da zai yi aiki kowane mako, ko wanda sai an ƙera shi daidai da jikin taraktar, shi zai shiga cikin bashi. Bokiti ya shiga, domin ɗaura shi daga baya ya fi tsada da wahala. Injin farfasa ƙasa ya shiga, don da shi zan yi wa maƙwabta aiki in samu na biya. Garma da tirela kuwa ƙarfe ne da walda, babu abin da ke ɓoye a cikinsu, sai Baffa ya samo mini na hannu muka biya nan take. Injin haƙa rami muka ɗage shi zuwa wata shekara. Ban ga dalilin da zai sa in yi shekara huɗu ina biyan ribar ƙarfen da zai kwana a rumfa ba.

Akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a babban rubutu: inshora, wadda wajibi ce muddin ba ka gama biya ba, kuɗin takardu, kuɗin kawowa, da sabis na farko bayan awa 50, inda ake sauya baƙin mai da matatu. Duk mun sa su a lissafi. Mun kuma tabbatar an rubuta abin da zai faru idan na so in gama biya da wuri, da kuma idan damina ta ƙi.

Kafin in sa hannu Baffa ya kafa mini sharaɗi nasa, wanda ba ya cikin kowace takarda. Ya dafa ƙarfen nan mai kama da ƙofa da ke bayan kujera, wanda ƙasar Suwidin ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959 saboda yawan masu mutuwa a kifewa.

"Wannan ba za ka naɗe shi ba don ka shiga ƙarƙashin bishiya ka manta. Bel ɗin kujera kuma ka ɗaura. Murfin sandan baya kada ka cire, kuma kada ka sauka yana juyawa, balle da babbar riga. Na ga abin da yake yi wa mutum, ba na so in sake gani."

Na ce, "Na ji, Baffa, na kuma ɗauka."

Aka kawo taraktar a bayan babbar mota, agogonta bai cika awa ɗaya ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin aikin farko da na yi wa maƙwabci da ita, da yadda muka yi da shi a kan ko da awa za a biya ni ko da faɗin gona.