Yadda muke kafa dandamalin 'yan kallo na wucin gadi a Accra

Idan aka ba mu aikin dandamalin 'yan kallo na kwana biyu ko uku, na dambe ne ko na ƙwallo, a Nima ko wajen Bukom, ƙasa nake fara dubawa tun ba a sauke ƙarfe daga mota ba. Filin da ya yi tauri da rani, ruwan awa ɗaya ya isa ya sa ƙafa guda ta dandamalin ta nutse, nauyinta ya koma kan na kusa da ita. Kowace ƙafa sai an ɗora ta a farantin ƙarfe, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashi. Bulo kuwa ban yarda da shi ba ko mai aikin ya matsa, don farat ɗaya yake fashewa.

Muna lissafa kusan kilo 400 a kowace murabba'in mita inda ake zama, 500 inda ake tsayuwa. Bututun ƙarfen da muke yin ƙafafun da shi, mai faɗin milimita 48.3, ba ya jin wannan nauyin muddin yana tsaye cak. Turin gefe ne ke kayar da dandamali. A ci ƙwallo, ganga ta tashi, jama'a su kama tsalle tare kamar sau biyu a daƙiƙa, sai ka ga saman dandamalin na lilo. Saboda haka muke ɗaukar kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin a matsayin turin gefe, mu ɗaure ƙarafan gicciye gaba da baya, hagu da dama, har ƙasa. Waɗannan ƙarafan ne masu sayar da abinci ke roƙon a cire don su sami wurin ajiye kaya. Ko ɗaya ba ya fita.

Tampol ɗin talla a bayan dandamali tare iska yake yi, ga guguwar farkon damina a Maris da Afrilu. Muna danne ƙafafun baya da tankunan ruwa, lita 1000 tan ɗaya ke nan, hadari na haɗowa kuma mu kwance tampol. Iskar teku na cin maɗauran da ke haɗa ƙarafan, duk wanda tsatsa ta ci zarensa a gefe yake kwana.

Shingen layin ƙarshe mita 1.1 ne. Hanyoyin fita kuma ni da kaina nake bi in tabbatar babu kwaɗo a jikinsu. Mutum 126 da suka rasu a filin wasan Accra ran 9 ga Mayu 2001, turereniya wajen fita ce ta ci su, ginin bai rushe ba.