Zaɓen Lilo a Magic Kingdom ga Iyalin da Ba Sa Son Tashin Hankali

A bakin kowane babban lilo da ke Magic Kingdom, wurin shaƙatawar nan na kamfanin Disney da aka buɗe kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka ranar 1 ga Oktoban 1971, akwai sandar awo da ake tsayar da yara a jikinta kafin a bar su su shiga layi. Yawancin iyayen da suka zo da ƙananan yara ko da tsofaffi, ko kuma su kansu ba sa son abin da zai kaɗa musu hanji, da wannan sandar suke yanke hukunci. Lilon da ba a gindaya masa sharaɗin tsawo ba sai su ɗauka mai sauƙi ne, wanda aka gindaya wa kuwa sai su ba shi hanya. A ganina wannan ma'auni yana yaudarar mutane ta kowane ɓangare, domin an kafa sandar ne a tabbatar ƙarfen riƙo ko bel ɗin kujera zai kama jikin yaro yadda ya kamata. Ba ta da labarin abin da ke firgita yaron, balle abin da ke sa mahaifiyarsa jiri.

Gudu ma bai isa ma'auni ba. Space Mountain, jirgin gudu mai bin layin dogo a cikin rufaffen gini, wanda ya fara aiki a 1975 kuma har yau ake jin ihun mutane a cikinsa, gudunsa bai wuce kimanin kilomita 45 a awa ba, abin da ɗan acaɓa ke zarcewa a tsakiyar gari ba tare da fasinjansa ya ce uffan ba. Abin da ke sa shi tsanani shi ne duhu, domin mutum ba ya ganin kwanar da ke tafe balle ya shirya mata, sai dai ya ji an fizge shi hagu an fizge shi dama, ga kuma girgizar tsohon layin dogo da ke taɓa baya da wuya. Seven Dwarfs Mine Train, da aka buɗe a 2014, ya fi shi gudu, yana kai kimanin kilomita 55 a awa, amma yaro mai tsawon santimita 97 yana hawansa, alhali Space Mountain sai mai santimita 112. Tafiyarsa sumul take, akasarinta a sarari cikin hasken rana, taragunsa suna lilo a hankali in an sha kwana, kuma a tsakiyar tafiyar yakan lafa ya bi ta cikin ramin haƙar ma'adinai ana kallon 'yan tsana masu motsi. Mutane da yawa da suka rantse ba za su hau jirgin gudu ba sukan sauka daga wannan suna dariya.

Don haka tambayar da ta kamata a yi tun a masauki, kafin a kama hanya, ita ce wane irin motsi ne kowane mutum a cikin iyali ba ya jurewa. A gidanmu uwargida ba ta damu da gangara ba ko kaɗan, amma in aka juya ta sau uku to ranar ta lalace. Ƙaramar 'yarmu kuwa a juya ta har gobe, muddin ba a kashe fitila ba. Ni gangarar ce ba na so, lokacin nan da kujera ke zamewa ƙasa mutum ya ji cikinsa ya tsaya a sama. Mu uku duk masu neman lilo mai sauƙi ne, amma in an zauna rubuta abin da kowa zai guje wa, jerinmu ba zai zo ɗaya ba.

Juyi shi ne ya fi cin manya ba tare da sun yi zato ba, kuma Mad Tea Party ne babban misali. Daga waje ba abin da ya fi shi kama da wasan yara: manyan kofunan shayi masu launi, kiɗa mai daɗi, ba sharaɗin tsawo, jarirai ma ana shiga da su. Sai dai kowane kofi yana zaune a kan faifai mai juyawa, faifan kuma yana kan wani babban faifai da shi ma yake juyawa, sannan a tsakiyar kofin akwai sitiyarin ƙarfe da mahaya ke murzawa su ƙara wa kofin nasa juyin. Abin da ke jawo hajijiya shi ne ruwan da ke cikin kunnen ciki, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ke motsi. Idan aka juya mutum na ɗan lokaci aka tsayar, ruwan yakan ci gaba da tafiya bayan jiki ya tsaya, sai ido ya ce an tsaya kunne ya ce ana tafiya, daga wannan saɓanin ne tashin zuciya ke zuwa. Na tsaya a bakin shingen wannan lilo na ga wani yaro ɗan shekara goma ko kusa da haka ya kama sitiyarin da hannu biyu yana murzawa iya ƙarfinsa, mahaifiyarsa ta runtse ido ta dafe gefen kofin tana kiran sunansa, da aka tsaya kuwa sai da ma'aikaciya ta ba ta hannu kafin ta iya fitowa. Maganin abin a fili yake: in ba a taɓa sitiyarin ba juyin kaɗan ne, don haka a yi yarjejeniya da yara tun a layi, ko kuma a raba kofi, masu son murzawa su tafi nasu.

Dumbo da Astro Orbiter kuwa tagwaye ne a tsari, dukansu kujeru ne da ke kewaya ginshiƙi ana ɗaga su sama da ƙasa da ɗan marfin hannu, kuma ba wanda ke da sharaɗin tsawo. Amma Dumbo a ƙasa yake, a hankali yake kewayawa, har akwai ɗakin wasa mai na'urar sanyaya ɗaki inda yara ke jira kafin layi ya zo kansu. Astro Orbiter sai an hau lif zuwa saman wani dandamali, ya fi sauri, kujerarsa tana karkata gefe, kuma wanda ke tsoron tudu zai ga rufin gine-gine a ƙarƙashinsa yana kewayawa. Wanda ke son kewaye ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai ya nufi lilon dawakan da ke bayan fadar Cinderella, babban ginin da ke tsakiyar wurin, wanda kamfanin Philadelphia Toboggan ya ƙera tun 1917, shekaru 54 kafin a buɗe wurin da yake a yanzu.

Duhu da ƙara su ne matsalar ƙananan yara, kuma a nan ne sandar awo ta fi yin shiru. Haunted Mansion ba ya gudu, ba ya gangara, kujerunsa a jere suke suna tafiya a hankali kamar ana takawa, jariri ma yana shiga. Amma kafin a kai ga kujerun ana tara mutane a wani ɗaki marar taga a rufe ƙofa, a ga bangon yana miƙewa sama, wata murya mai kauri tana magana, sannan a kashe fitilu ɗif, walƙiya ta haska siffar gawa a rataye can sama, a ji ƙara mai tsanani. Ga babba wannan raha ce. Ga ɗan shekara huɗu kuwa yana iya zama dalilin da zai ƙi shiga kowane gini mai duhu har a tashi, ciki har da waɗanda ba komai a cikinsu sai waƙa. Shi ya sa ba na ba da shawarar a fara yini da shi, kuma iyalin da ba sa son wasa da zancen fatalwa ba su yi asarar komai ba in sun wuce shi. Pirates of the Caribbean, wanda aka ƙara a 1973, kwale-kwale ne da ke tafiya a hankali, sai dai kusa da farko akwai gajeriyar gangara guda ɗaya a cikin duhu, daga nan a faɗa tsakiyar harbin igwa. Idan an gaya wa yaro tun a waje cewa za a gangara sau ɗaya kuma shi ke nan, yawanci yakan jure. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa ba komai sannan ya tarar da komai.

Tiana's Bayou Adventure, wanda ya maye gurbin Splash Mountain a 2024, yana da irin wannan ruɗin ta wata fuska. Kusan dukkan tafiyar shawagi ne a kan ruwa cikin kiɗa, yaro mai santimita 102 yana hawa, amma a ƙarshe akwai gangara ta kimanin mita 15 wadda ba yadda za a kauce mata. Alherinsa shi ne ana ganin gangarar daga kan gadar da ke gabansa, don haka a tsaya a kalli kwale-kwale biyu ko uku suna faɗowa, kowa ya yanke wa kansa hukunci da idonsa.

Akwai lilon da ban taɓa jin wanda ya fito daga cikinsu yana ƙorafin tsoro ko jiri ba, kuma abin sha'awa tsofaffin ne. It's a Small World an fara yin sa ne domin baje kolin duniya na birnin Niyok a 1964 don karrama UNICEF, kwale-kwale ne da ke ratsa ɗakuna masu haske cike da 'yan tsana sanye da tufafin ƙasashe daban-daban, kuma iyakar illarsa waƙar da za ta kwana a kan mutum. Carousel of Progress daga wannan baje kolin shi ma ya fito, zaure ne da kujerun 'yan kallo ke kewaya dandamali a hankali na kusan minti 20 cikin sanyi, wurin da kaka za ta huta ƙafa. PeopleMover, na 1975, shi na fi so a duk wurin: ƙananan taragu ne da maganaɗisun lantarki da ke jikin layin ke turawa, suna zagaya sashen Tomorrowland ta sama na kusan minti goma, iska tana kaɗawa, layinsa kuma ba ya cika tsawo. Yana ratsa cikin ginin Space Mountain na ɗan lokaci cikin duhu, don haka a riƙe hannun ƙaramin yaro a wurin. Sai Jungle Cruise, kwale-kwalen da ke ratsa daji ana kallon dabbobin kwaikwayo masu motsi, da kuma jirgin ƙasa mai tururi na wurin, wanda kawunansa na gaske ne, kamfanin Baldwin ya ƙera su tsakanin 1916 da 1928, suka yi aiki a yankin Yukatan na Meksiko kafin Disney ta saye su. Peter Pan's Flight ma mai sauƙi ne, amma tafiyar minti uku ce da layinta ke yawan haura awa guda, kuma ban ga hikimar tsayar da yara a rana haka ba. Ko a je masa da zarar an buɗe ƙofa, ko a biya kuɗin tsallake layi na Lightning Lane, ko a haƙura.

Mai juna biyu, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai ciwon baya ko wuya, allon gargaɗin da ke bakin kowane lilo ya fi musu amfani a kan sandar awo. Tomorrowland Speedway ƙananan motoci ne da ke bin layi a hankali, yaro mai santimita 81 yana shiga tare da babba, amma ana gargaɗin masu ciki a kansa saboda yaran da ke tuƙi a baya sukan daki motar da ke gabansu.

Idan iyali ya rabu, wasu na son manyan lilo wasu ba sa so, akwai tsarin da ake kira Rider Switch. Ana sanar da ma'aikacin bakin ƙofa, babba ɗaya ya tsaya da yaron da ba zai hau ba, in rukunin farko ya sauka shi kuma ya shiga ba tare da ya sake bin dogon layi ba. Ga yaron da ke son gwadawa yana ɗari-ɗari, a bi da shi mataki-mataki: Dumbo tukuna, sannan Barnstormer, ƙaramin jirgin gudu na masu santimita 89 da tafiyarsa ba ta fi minti ɗaya ba, in ya sauka yana cewa a koma sai a gwada Mine Train. In kuwa an kai bakin hawa ya ce "Baba, ni na fasa", a gaya wa ma'aikaci ya nuna ƙofar fita, domin tana nan, kuma kada a bar yayyensa su yi masa dariya. Kuɗin tikiti da tsawon layin da aka bi su ne ke sa iyaye su matsa wa yaro, amma yaron da aka tura da kuka yakan ƙi har lilon da ya hau da murna da safe.

Tsarin yini ma yana da nasa tasiri. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Fulorida yakan kai digiri 33 ga gumi mai nauyi, kuma kusan kullum hadari na haɗuwa da la'asar, in aka ga walƙiya a kusa sai a dakatar da lilon da ke sarari. Hikima ita ce a gama da Dumbo da Jungle Cruise da Mine Train da safe, a ajiye na cikin gini zuwa bayan azahar, sannan kada a hau abin da ke juyi da cikakken ciki ko da ƙishirwa. Abu mafi ƙara a duk yinin kuwa wasan tartsatsin wuta ne na dare a saman fadar, wanda ke sa jarirai da yawa kuka. Iyalin da ke da mai jin tsoron ƙara gara su fita kafin a fara, su hau jirgin ruwan da ke tsallaka tafkin zuwa wajen ajiye motoci, inda ake ganin wutar daga nesa, ƙarar ta ragu, kuma an tsere wa cunkoson dubban mutanen da ke fitowa lokaci ɗaya bayan an gama.