Ranar da na kashe Baba a talabijin yana gida yana shan koko

Jiya na miƙa katin aiki da makullin loka, na bar tashar da na yi shekara 7 ina tashi ƙarfe 3 da rabi na dare saboda shirin safe. Wasu sun ce in rubuta wa yaran da ake ɗauka yanzu abin da na koya, toh ga shi, amma gaskiya duk inda na juya maganar safiya ɗaya take komawa, wadda duk wanda yake gidan a lokacin ya san ta ko da bai taɓa yi min zancenta a gaban idona ba.

Shekarar da shirinmu zai cika 25 aka ce a haɗa tarihinsa na minti 12 a saka ranar biki, Oga ya ɗora min. Lokacin ni mataimakiyar furodusa ce kawai, aikina kiran baƙi da lallashinsu kar su makara, don haka na ɗauki abin da zafi, na ce sai na nuna musu na iya. Kwana biyu ina kan intanet ina tono asalin shirin safe gaba ɗaya. Na gano Today na tashar NBC a Amurka ne uban tafiyar, ya fara 14 ga Janairun 1952 da wani Dave Garroway, lokacin mutane na cewa wa zai zauna gaban akwati ƙarfe 7 na safe yana haramar fita aiki, masu talla ma suna ta jan ƙafa, sai da aka kawo wani ɗan biri mai suna J. Fred Muggs a 1953 yara suka fara janyo iyayensu sannan kasuwa ta buɗe. Ingila ma sai 1983 BBC ta fara nata. Mu nan talabijin ta zo Ibadan a 1959, Kaduna 1962, amma wanda ya girma a wancan zamanin ya san ba a buɗe tasha sai la'asar, ka zauna kana kallon layukan kala kana jiran taken ƙasa. Sai bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi aka fara rububin safiya, su Kakaaki na AIT da AM Express na NTA da Sunrise na Channels, can daga baya Gari Ya Waye na Arewa24. Duk na haddace wannan kamar karatun allo, har ina yi wa edita burga.

Da na shiga sitonmu na kasakasai ne jikina ya yi sanyi. Ƙura, gara, kashin ɓera, ga kasakasan bidiyo na Betacam an jibge kamar bulo, kuma rabinsu an sake ɗaukar wani abu a kai saboda a da in babu kuɗin sabon kaset tsoho ake ɗaukowa a shafe. Kaset ɗin da aka rubuta wa "shiri na farko" da maka, na saka sai ga bikin rabon taki. Da ƙyar na samo daƙiƙa 40 na mutumin da ya fara gabatar da shirin, Baba, yana zaune da babbar riga da zanna, kujera biyu da tukunyar fulawar roba a tsakani, shi ke nan situdiyon.

A baranda na tare Oga yana sauri zai shiga mota, na ce Yallaɓai wannan Baban yana ina yanzu? Ko tsayawa bai yi ba ya ce ai ya rasu tuntuni Allah ya jiƙansa, ki sa marigayi kawai. Ni kuma na sa. Ban kira kowa ba, alhali tsohon direbanmu da ke kwasar mu da asuba ya san gidan Baba, ban tambaye shi ba don a ganina direba me ya sani a tarihi. Na san shekarar da biri ya shiga shiri a New York amma ban san mutumin da ke nesa da ni tafiyar minti 20 a adaidaita yana da rai ba.

Ranar biki ƙarfe 7 da minti 20 hoton ya fito, na mai da shi baƙi da fari, na sa kiɗa mai sanyi, a ƙasa an rubuta Marigayi da sunansa da Allah ya jiƙansa da rahama. Ina ɗakin kwantirol ina jin kaina a sama, sai wayoyi suka fara ƙara dukkansu a lokaci ɗaya. 'Yarsa ce ta fara samu na, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi baiwar Allah Babanmu ga shi nan yana shan koko da ƙosai yana kallonku. Kafin ƙarfe 9 mutane sun fara shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, 'yan uwa sun taso daga ƙauye a mota, ƙanwarsa mai hawan jini sai da aka kai ta asibiti, wannan ɗin shi ne har yau in na tuna nake jin cikina ya juya.

A mitin na faɗi yadda aka yi. Oga ya dube ni a gaban mutum goma sha ya ce ni? Ni na ce miki? Nuna min a rubuce. Babu. Aka ba ni takardar tuhuma, dakatarwar sati biyu ba albashi, washegari mai gabatarwa ya ba da haƙuri kan "kuskuren wata ma'aikaciyarmu", ƙarin girma kuma ya tsallake ni sau biyu. Ban ce ba ni da laifi ba, laifina ne ban bincika ba, amma tuwon mu biyu muka tuƙa ni kaɗai na ci ƙanzon, kuma mutumin nan har jiya da na je sallama bai taɓa cewa ko yi haƙuri ba, sai ma cewa ya yi ƙofa a buɗe take.

Cikin dakatarwar na sayi goro da turare, direban nan da na raina shi ya raka ni. Na durƙusa ina rawar murya, Baba ya ce ke ce kika kashe ni? Ya yi dariya har da tari, ya ce tashi 'yata, shekara 11 da ritayata ko mutum ɗaya daga gidan nan bai leƙo ni ba sai da na mutu. Ya sa aka ɗauko wani littafi mai bangon kwali da yake rubuta sunan duk baƙon da ya zauna da shi da kwanan wata, ya ba ni labarin yadda ake tura yaro a keke ya tare motar jarida don a samu New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo kafin a shiga, da yadda ake rubuta kanun labarai a kwali wani ya riƙe a gefen kyamara, da ranar da janareto ya mutu limamin da suka gayyata ya ci gaba da bayani a duhu bai san an daina ganinsa ba. Asabar uku ina komawa ina ɗaukarsa da wayata. Na kawo wa Oga na ce a saka ko minti 5 ne, ya ce babu fili.

Sauran abubuwan da na koya kuwa ba su da yawa. Duk umarnin da aka ba ki a baki ki tura a WhatsApp ki ce Yallaɓai haka ka ce ko, ki adana amsar. Baƙon da ya ce ina hanya yana banɗaki, ki tanadi na biyu. Ki gaida direba da mai shara da kyau. Kar ki ce za ki kalli komai bayan isha. Masu ce min in ƙara haƙuri kuma, na sani, Barbara Walters ta shiga Today a 1961 tana rubutu sai 1974 aka yarda aka kira ta mai gabatarwa, ni dai ba ni da shekara 13 ta bayarwa.

Bara Baba ya rasu da gaske. Labarin ya zo tun asuba amma duk gidan aka rasa mai ƙarfin halin sakawa, kowa na kallon kowa, sai da na je aka yi jana'iza da ni a cikin gida wajen mata, na dawo na rubuta da hannuna aka saka washegari. Baɗi shirin zai cika 30, za su nemi tarihi, kasakasan sito kuma na san halin da suke ciki. Hirar Baba awa 4 da wani abu tana wajena, da wayata na ɗauka ranar hutuna, kwafi ɗaya na ba 'yarsa. Lambata ba ta canja ba, in Oga yana so ya nema a rubuce.